Tambaya kan ruwan majema: COD ya kai 3,200 amma BOD bai wuce 156 ba

Ɗalibar Muhalli ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a fannin injiniyancin muhalli, kuma a halin yanzu ina horon sanin makamar aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke Kano, inda ake kawo mana ruwan rijiyoyin burtsatse da dagwalon masana'antu domin a auna. Makonni biyu da suka wuce aka ba ni samfurin ruwan da ke fitowa daga wata masana'antar jimar fata, aka ce in auna COD da BOD, wato ma'aunai biyu na yawan iskar oksijin da dattin ruwa yake ci, COD ta hanyar sinadari, BOD kuma ta hanyar ƙwayoyin bakteriya, domin masu masana'antar suna son sanin irin tafkin tace ruwan da ya kamata su gina kafin su saki dagwalonsu.

Na bi matakan da ke rubuce a takardar aikinmu ɗaya bayan ɗaya. COD ya ba ni miligiram 3,200 a kowace lita, shi kuwa BOD na kwana biyar ya tsaya a 156. Idan aka raba na biyu da na farko ana samun kusan 0.05, alhali a aji an koya mana cewa a ruwan dattin gidaje wannan rabon yakan kai wajen 0.5, kuma idan ya yi ƙasa sosai ma'anarsa ƙwayoyin halitta ba za su iya cinye dattin ba, sai dai a koma ga sinadarai masu tsada. Abin da ya dame ni shi ne, ruwan nan cike yake da guntattakin nama da kitse da gashi, waɗanda kowa ya san suna ruɓewa, har warinsa ya isa shaida. Ta yaya ruwa mai irin wannan ruɓa zai nuna cewa ba ya ruɓewa?

Ban miƙa rahoton ba tukuna, domin zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ina roƙon wanda ya san sinadaran da ke ƙarƙashin waɗannan gwaje-gwaje biyu ya fahimtar da ni ko kuskuren daga gare ni yake, ko kuwa haka ruwan majema yake.

Tsohon Malamin Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi daidai da kika riƙe rahoton, domin a kan wannan lamba ce za a kashe kuɗin gini, kuma idan ta karkace duk abin da aka ɗora a kanta zai karkace.

Mu fara da abin da gwaje-gwajen biyu suke aunawa. Babu wanda yake auna dattin kansa a cikinsu. Dukansu suna auna yawan iskar oksijin da za a kashe kafin dattin ya ƙone ya koma ruwa da iskar kabon. Misali mafi sauƙi shi ne sukarin gulukos: giram 180 nasa yana buƙatar giram 192 na oksijin kafin ya ƙone gaba ɗaya, saboda kowace ƙwayarsa ɗaya tana haɗuwa da ƙwayoyin oksijin shida. Bambancin yana wajen wanda yake yin ƙonawar. A gwajin COD sinadarin daikuromet ne yake yin ta, a cikin asid mai ƙarfi na salfa, a zafin digiri 150 na tsawon awa biyu, kuma ba ya zaɓe, kusan duk abin da zai iya ƙonewa sai ya ƙone shi. A gwajin BOD kuwa bakteriya ce take cin dattin a hankali, a zafin digiri 20, a cikin duhu, na tsawon kwana biyar. Bakteriya halitta ce mai rai, tana da abin da take ci da wanda ba ta ci, guba tana kashe ta, kuma idan iska ta ƙare mata aikin ya tsaya.

Wannan batu na ƙarshe shi ne abin da na fi zargi. Kwalbar BOD tana ɗaukar mililita 300, kuma ruwa ba ya riƙe oksijin mai yawa. A zafin digiri 20, a gaɓar teku, lita ɗaya ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 9.1, a Kano kuwa da take kan tudu abin ya ɗan gaza haka. Ke nan duk jarin da bakteriya take da shi a cikin kwalbar bai wuce miligiram takwas da 'yan kai a kowace lita ba. Saboda haka ne ƙa'idar gwajin ta ce sai an ga oksijin ya ragu da aƙalla miligiram 2, kuma sai an tarar da saura aƙalla miligiram 1 a rana ta biyar, kafin a karɓi sakamakon. Ina so ki duba littafinki ki gaya mana mililita nawa na samfurin kika zuba a kwalba, nawa ne oksijin a ranar farko, nawa ne kuma a ranar ƙarshe.

Idan ba wannan ba ne, akwai wasu ƙofofi uku. Ta farko ita ce pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin kanwa na ruwa, inda 7 take tsaka-tsaki. Ruwan da ya fito daga ramin cire gashi, inda ake amfani da farar ƙasa da sinadarin salfayid, yakan haura 12, kuma babu bakteriyar da za ta yi aiki a haka, dole a daidaita samfurin ya dawo kusa da 7 kafin a zuba shi. Ta biyu ita ce iri, wato bakteriya mai rai da za ta fara cin dattin. Ruwan dattin gidaje yana zuwa da bakteriyarsa, amma dagwalon da ya ratsa farar ƙasa da gishiri da asid sau da yawa yakan iso babu mai rai a cikinsa, don haka sai an zuba masa iri daga wani ruwan dattin da aka bari ya kwanta, sannan a cire abin da irin ya ci daga lissafi. Ta uku ita ce guba, wato kiromiyom, sinadarin da ake jima da shi, da salfayid da magungunan hana fata ruɓewa. Alamar guba a bayyane take ga wanda ya jera kwalabe da yawa: duk lokacin da aka ƙara sirka samfurin sai BOD ya ƙaru, saboda gubar ta yi rauni.

Ita ma lambar COD kada ki ɗauke ta kamar yankan wuƙa. Fatun da ake kawowa majema da gishiri ake adana su, kuma daikuromet yana ƙona kulorayid ɗin da ke cikin gishiri, ya lissafa shi a matsayin datti. Ana hana hakan da sinadarin makuri salfet, amma ƙarfinsa yana da iyaka, idan kulorayid ya wuce kimanin miligiram 2,000 a lita sai an sirka samfurin tukuna. Salfayid ma yana shiga lissafin, kowane miligiram ɗaya nasa yana cin miligiram biyu na oksijin. Da a ce ruwan yana ɗauke da salfayid miligiram 200, to 400 daga cikin 3,200 ɗin nan ba na nama ko kitse ba ne sam.

Injiniyan Dagwalo ya amsa:

Malam ya yi bayanin kwalba, ni kuma ina so in koma baya zuwa bakin magudana, domin a nan ne yawancin sakamako yake lalacewa tun kafin ya iso ɗakin gwaji. Malama, wa ya ɗebo samfurin, da ƙarfe nawa, kuma daga wane rami?

Majema ba ta fitar da ruwa iri ɗaya daga safe zuwa dare. Akwai ruwan jiƙo mai gishiri da jini, akwai ruwan cire gashi mai kaifin kanwa wanda pH ɗinsa yake sama da 12, akwai kuma ruwan jima da kiromiyom mai tsami, wanda yake tsakanin 3 da 4. Kowanne ana sakinsa ne lokaci guda idan an buɗe ganga, don haka wanda ya tsoma kwalba da ƙarfe tara da wanda ya tsoma da ƙarfe biyu za su kawo ruwa biyu da ba su yi kama da juna ba. Domin zanen tafki ana buƙatar samfurin da aka tara kaɗan-kaɗan a tsawon yinin aiki, a ajiye shi cikin ƙanƙara, a fara gwajin BOD da wuri, kada a wuce awa 48 ko da an matsu. A zafin Kano na watan Afrilu, jarkar da ta yini a bayan mota ta riga ta fara gwajin da kanta a hanya.

Abin da ya sa nake nanata pH shi ne, ita ce take yanke hukuncin siffar da kowane sinadari zai ɗauka. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a cikin zoɓo ta ga launinsa ya juya daga ja zuwa duhu ta ga wannan ƙa'ida da idonta: abu ɗaya ne, amma siffarsa ta canza saboda tsamin ya ragu. Salfayid haka yake. A pH 9 kusan dukansa narke yake a ruwa, abin da yake siffar iska bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. A pH 7 rabinsa ya koma iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan kuma aka gangara ƙasa da haka sai kusan dukansa ya koma. Wannan ne ya sa haɗuwar ruwan cire gashi da ruwan kiromiyom a magudana ɗaya take da hatsari ƙwarai. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a rami, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin wari, har mutum ya ɗauka ta tafi alhali a lokacin ne ta fi kisa. Ke ma da za ki daidaita samfurinki da asid, ki yi shi a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, kada ki sunkuya a kansa.

Kiromiyom kuma akasin haka yake yi. Nau'insa da ake jima da shi, wanda ake kira mai caji uku, narke yake a cikin tsami, amma da pH ta kai tsakanin 8 da 9 sai ya daskare ya kwanta a ƙasa kamar taɓo mai launin shuɗi-kore. Injiniya yana amfana da wannan, domin idan aka ware ruwan kiromiyom shi kaɗai aka zuba masa magnesiya, ana iya kwashe taɓon a sake narkar da shi da asid a mayar da shi ganga. Mai gwaji kuwa tarko ne a gare shi, saboda idan ya bar samfurin ya kwanta ya ɗebi na sama, ko ya tace shi, zai rubuta cewa babu kiromiyom, alhali yana nan a gindin kwalba. Samfurin ƙarafa sai an zuba masa asid na naitirik har pH ta sauka ƙasa da 2, sannan a dafa shi kafin a auna. Ya kamata kuma a bambanta mai caji uku da mai caji shida, wanda ya fi shi guba nesa ba kusa ba kuma yana haddasa sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kiromiyom a ruwan sha a miligiram 0.05 a lita. Masana'antun jima na Kano suna Sharaɗa da Chalawa da Bompai, kuma ruwan waɗannan yankuna yana gangarawa ne zuwa kogin Chalawa da na Jakara, inda masu lambu suke ban ruwa da rani. Abin da aka rasa a kwalba a can zai je ya kwanta.

Ɗalibar Muhalli ta rubuta:

Na gode Malam, na gode Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Na duba littafina. Mililita 15 na zuba a kowace kwalba, oksijin na ranar farko 8.2 ne, na rana ta biyar 0.4. Na cire na biyu daga na farko na sami 7.8, na ninka sau 20, shi ne ya ba ni 156. Wannan sirki shi ne wanda muka saba amfani da shi idan an kawo ruwan kwata na gidaje, kuma ban canza shi ba. Na daidaita pH, amma ban zuba iri ba. Samfurin kuwa ma'aikacin masana'antar ne ya kawo shi a jarka da rana, ban san lokacin da ya ɗebo shi ba. Akwai kuma abin da ban ambata ba: an ɗauke wuta kusan yini guda a rana ta uku, kuma akwatin da ke riƙe zafin kwalaben ya tsaya.

Ma'aikaciyar Ruwa ta amsa:

Ƙanwata, lambobin da kika kawo sun amsa tambayarki. Da mililita 15 a kwalbar 300, ko da bakteriya ta shanye oksijin ɗin tas, mafi girman abin da lissafi zai iya ba ki shi ne 8.2 sau 20, wato 164. Ko BOD na gaskiya 500 ne, ko 1,500, amsar da za ki gani ba za ta wuce nan ba. Abin da kika auna shi ne iyakar kwalbar. Mai yiwuwa iskar ta ƙare tun a daren farko, musamman da yake salfayid yana cin oksijin kai tsaye ba tare da bakteriya ba, sauran kwanakin kuma babu abin da ya faru a ciki. Abin da za a iya rubutawa da gaskiya daga wannan gwaji shi ne cewa BOD ya fi 156, ba a san da nawa ba.

Game da ɗauke wuta ina da ra'ayin da wataƙila Malam ba zai yarda da shi duka ba. Saurin cin bakteriya yana ƙaruwa da kusan kashi biyar cikin ɗari a kowane digiri ɗaya, don haka a digiri 30 ya fi na digiri 20 da fiye da rabi. Ɗakin gwajin da ba shi da tsayayyiyar wuta ba zai iya cewa ya yi BOD na ƙa'ida ba. Su kansu kwana biyar ɗin daga Ingila suka samo asali, daga aikin wani kwamitin masarauta kan ruwan datti wanda rahotonsa na 1912 ya kafa ma'aunin, kuma an zaɓe su ne bisa yanayin kogunan ƙasar, masu sanyi da gajeriyar tafiya zuwa teku. Indiya, wadda zafinta ya yi kama da namu, ta amince da gwajin kwana uku a digiri 27. A ganina ya dace masana a nan su duba irin wannan hanya da gaske, domin riƙe digiri 27 na kwana uku ya fi sauƙi a gare mu, kuma ya fi kusa da abin da ke faruwa a kogunanmu, inda ruwa mai zafin digiri 30 ba ya riƙe oksijin fiye da kimanin miligiram 7.6 a lita, bakteriya kuma tana cinye shi da gaggawa. Kafin a kai ga haka, shawarata ga ƙananan ɗakunan gwaji ita ce su dogara da COD wajen bin diddigin yau da kullum, tunda awa uku ya ishe shi, su riƙa yin BOD jefi-jefi domin su san rabon da ke tsakaninsu a ruwan kowace masana'anta.

Tsohon Malamin Gwaji ya amsa:

Hajiya ta gano ciwon, kuma na yarda da ita kan lissafin 164. Kan batun kwana uku kuwa, hujjarta tana da ƙarfi, sai dai muddin iyakar da hukuma ta gindaya ta kwana biyar ce a digiri 20, to rahoton da za a kai mata dole ya bi wannan, in ba haka ba ba za a iya gwama lambar wani ɗaki da ta wani ba. Wanda ya yi gwaji a wani zafi daban ya rubuta hakan ɓaro-ɓaro a kan takardar.

'Yata, ga yadda za ki sake shi. Ki je da kanki ki ɗebo sabon samfuri na yini guda cikin ƙanƙara. Ki fara da COD a ranar, domin shi zai nuna miki inda za ki nufa: idan ya sake kaiwa wajen 3,000, ki sa ran BOD tsakanin 800 da 1,600. Kwalbar da aka zuba wa mililita 1 tana iya auna daga 600 zuwa kusan 2,100, mai mililita 2 daga 300 zuwa kusan 1,050, mai mililita 5 daga 120 zuwa kusan 420. Tunda ɗiban mililita ɗaya daga ruwa mai guntattaki yana kawo kuskure, ki fara sirka samfurin sau goma bayan kin girgiza shi sosai, sannan ki ɗebi mililita 5 da 10 da 20 da 50 daga sirkin. Ruwan sirkin ya kasance mai sinadaran abincin bakteriya, wato fosfet da magnesiyom da kalsiyom da ƙarfe, kuma kwalbarsa shi kaɗai kada ta rasa fiye da miligiram 0.2 a kwana biyar. Ki zuba iri, ki kuma ajiye kwalaben iri daban.

Kada ki bar kwalbar tantancewa, wadda ake haɗa miligiram 150 na gulukos da 150 na gulutamik asid a lita. Amsarta sananniya ce, wajen 198 ne, da rangwamen kimanin 30 sama ko ƙasa, kuma idan ta fito a haka kin san irinki yana da rai, ruwan sirkinki ba shi da guba, na'urarki ma lafiya take. Majema tana amfani da gishirin amoniya wajen wanke farar ƙasa daga fata, kuma kowane miligiram na naitirojin ɗin amoniya yana iya cin miligiram 4.57 na oksijin idan irin yana ɗauke da bakteriyar da ke cin sa, abin da daikuromet ba ya taɓawa ko kaɗan. Don haka ki sa maganin hana wannan a rabin kwalaben, ki bar rabi, ki kawo mana lambobin duka takwas tare da pH da kulorayid da salfayid na samfurin, mu duba su tare kafin ki rubuta wa masu masana'antar.